Abin Da Ke Sa Annobar Korona Ta Lafa Ta Sake Tashi

An shirya wannan bayani ne domin hakimai da dagatai na ƙasar Zuru, da malaman da ke riƙe musu littattafai da wasiƙu. Tun da cutar korona ta ɓulla a ƙarshen shekarar 2019, akwai tambaya guda wadda talakawa suka yi ta kawowa zaure. Suna cewa, me ya sa sai a ce cuta ta lafa, a buɗe kasuwa da makaranta, bayan 'yan watanni kuma a ji rediyo na cewa ta dawo da wani sabon suna? Waɗansu suka ce likitoci ne ba su san abin da suke yi ba, waɗansu kuwa suka ce dabarar cin kuɗi ce kawai. In hakimi ba shi da amsa, to jama'arsa za su samo amsa a bakin kasuwa, amsar kasuwa kuwa ita ce ke hana mutum kai tsohonsa asibiti sai lokaci ya ƙure. Saboda haka ya kamata kowane shugaba ya san dalilin abin, ya kuma iya bayyana shi da harshen da jama'arsa ke ji, ko Hausa, ko Dakarci, ko Fakanci, ko Kambarci.

ASALIN CUTAR

A watan Disamba na 2019 ne likitocin birnin Wuhan, a ƙasar Sin, suka ga wani ciwon huhu wanda ba su saba gani ba. Ran 11 ga Maris, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shela cewa cutar ta zama annobar da ta game duniya. A Nijeriya an fara tabbatar da ita ran 27 ga Fabrairu, 2020, a jikin wani Bature ɗan Italiya wanda ya sauka a Legas. A ƙarshen Maris Gwamnatin Tarayya ta sa dokar kulle a Legas da Ogun da Abuja. Cikin Afrilu cutar ta kai Kano, kafin tsakiyar shekara kuwa ta shiga jihar Kebbi. Aka rufe makarantu, aka hana tafiya tsakanin jihohi, a 2020 da 2021 kuma babu maniyyacin da ya tashi daga Nijeriya zuwa aikin Hajji, domin hukumomin Saudiyya sun tsai da aikin a kan mazauna ƙasarsu kaɗai.

Da a ce ƙwayar cutar ta tsaya a siffarta ta farko, da labarin bai yi tsawo haka ba. Amma ba ta tsaya ba.

YADDA ƘWAYAR KE RIKIƊA

Abin da ke kawo korona wata ƙwaya ce ƙarama ƙwarai, wadda ido ba ya gani, ko madubin likita na yau da kullum ma ba ya nuna ta. Jikinta kewaye yake da waɗansu 'yan ƙayoyi, da su take maƙalewa a hanci da maƙogwaro da huhu, ta kutsa cikin naman jiki. Ba ta iya haihuwa da kanta. Sai ta shiga jikin mai rai, sa'an nan ta sa jikin nan ya yi ta ƙera mata 'ya'ya dubbai bisa dubbai. Mai ɗauke da ita in ya yi tari, ko atishawa, ko magana, ko numfashi ma kawai, sai 'ya'yan su fita cikin iska, na kusa da shi ya shaƙa.

A cikin kowace ƙwaya akwai wani abu mai kama da rubutu, tsawonsa kamar haruffa 30,000, shi ne ke faɗin yadda za a ƙera ta. Duk sa'ad da za a ƙera sabuwa, tilas a juyi rubutun nan daga farko har ƙarshe. Malamin hakimi ya san abin da ke faruwa ga juyi. In aka ba shi littafin sunayen masu gida na gunduma ya juya, kome kulawarsa wata rana sai ya tsallake harafi, ko ya sa wani a maimakon wani. In wani malami ya juya daga nasa, sai ya ɗauki kuskuren nan ya ƙara da nasa. Haka yake ga ƙwayar korona. Masana sun lura cewa a shekarar farko, in an bi zuriyarta daga mutum zuwa mutum, ana samun canjin harafi kamar biyu a kowane wata.

Galibin kurakuran nan ba su da wani tasiri, waɗansu ma nakasa ƙwayar suke yi ta mutu. Amma jefi-jefi sai a sami kuskuren da ya amfane ta. Manomi ya san haka a gonarsa. In cikin dawar da ya shuka akwai wadda ta fi jure fari, shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri ita ce za ta yi zangarniya, ita za a ajiye iri, bayan 'yan shekaru ita ce za ta cika rumbu. Ƙwayar da kuskure ya amfana ita ma haka take cinye sauran, har likitoci su ce sabon iri ya fito. Abin lura a nan shi ne, yawan juyi ke kawo yawan kuskure. Ƙasar da cuta ta yi yawa a cikinta ita ce makerar sababbin iri. Masana da yawa kuma suna ganin waɗansu irin sun ƙeru ne a jikin marasa lafiya waɗanda ƙarfin jikinsu ya raunana, har ƙwayar ta yi watanni a cikinsu tana juyi ba a kore ta ba.

HANYOYI BIYU NA RINJAYE

Sabon iri yakan rinjayi tsoho ta ɗayan hanyoyi biyu, wani lokaci ma ta duka biyun.

Ta farko ita ce saurin kamu. In ƙayoyinsa suka fi na tsoho iya maƙalewa, ko ya fi hayayyafa a hanci, to zaman da dā ba ya isa a ɗauki cuta, yanzu sai ya isa.

Ta biyu ita ce sajewa. A jikin kowane mutum akwai masu tsaro, kamar dogaran fada. In mutum ya taɓa yin cutar ya warke, ko an yi masa allurar rigakafi, dogaran nan sun ga ɓarawon sun shaida shi, mafi yawa kuwa ta ƙayoyin nan suke shaida shi, kamar yadda ake shaida mutum ta rigarsa da rawaninsa. In kuskuren juyi ya sāke siffar ƙayoyin, ɓarawo ya sake riga ke nan. Zai wuce masu tsaron ƙofa, sai ya shiga cikin gida sa'an nan a gane shi. Shi ya sa mutumin da ya yi korona bara yake iya sake yin ta bana. Ga shi kuma ƙarfin tsaron ƙofar nan yakan ragu da kansa bayan 'yan watanni, ko da ɓarawo bai sake riga ba.

Kada a ɗauka sabon iri kaɗai ke ta da annoba. Taron biki, da tafiye-tafiyen salla da kirsimati, da lokacin sanyi sa'ad da mutane ke cunkushewa a ɗaki su rufe taga, da sakacin da ke biyo bayan an ce cuta ta lafa, duk suna taimakonta. Sai dai manyan tashin da duniya ta gani tun daga ƙarshen 2020, kusan kowanne akwai sabon iri a gindinsa.

LISSAFIN DA YA KAMATA MALAMI YA RIƘE

Mutane sukan raina ƙaramin bambanci a saurin kamu, domin ba su yi lissafi ba. Ga misali. A ce akwai iri biyu. Na farko, kowane mai ɗauke da shi yana sa wa mutum 2, na biyu kuwa mutum 3. A ce kuma kwana 5 ke tsakanin kamuwar mutum da kamuwar wanda ya sa wa. Bayan zagaye 10, watau kwana 50, iri na farko zai kama sababbin mutane 1,024 a zagayen ƙarshe. Na biyu kuwa zai kama 59,049. Bambancin mutum guda ne a farko, amma kafin wata biyu ya zama ninki fiye da 50.

A ci gaba da misalin. A ce iri na farko mai zafi ne, yana kashe mutum 1 cikin 100, na biyu kuwa mai sauƙi ne, yana kashe 1 cikin 1,000. Cikin mutum 1,024 na farko zai kashe kamar 10. Cikin mutum 59,049 na biyu zai kashe kamar 59. Ashe irin da ake cewa mai sauƙi yana iya cika maƙabarta fiye da mai zafi, in dai ya fi shi gudu. Banda wannan kuma, marasa lafiya in suka zo asibiti lokaci guda, gado da iskar oksijin da ma'aikata ba su isa, sai mai naƙuda da wanda maciji ya sara su ma su rasa mai duba su. Duk sa'ad da aka ji wani na cewa wannan sabon ai mura ce kawai, lissafin nan shi ne amsarsa.

IRIN DA SUKA GIRGIZA DUNIYA

Da farko ana kiran kowane iri da sunan ƙasar da aka fara ganinsa, abin ya zama gori da tsangwama. Saboda haka a ƙarshen Mayu na 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa musu sunayen haruffan Girkanci. Ga manyansu.

Alfa. An fara samunsa a lardin Kent na Ingila cikin Satumba na 2020. An kimanta ya fi na farko saurin kamu da kamar rabi. Kafin ƙarshen shekara ya cika asibitocin Landan, a Janairu na 2021 kuwa tilas aka sake kulle Ingila.

Beta. Hukumomin Afirka ta Kudu suka ba da labarinsa a Disamba na 2020. Shi ne ya fara nuna wa likitoci a fili cewa ƙwayar tana iya sajewa, ta wuce tsaron da jiki ya samu.

Gama. Ya tashi a birnin Manaus, cikin kurmin Amazon na ƙasar Brazil. Cutar ta riga ta yi wa birnin nan mugun kamu a 2020, har wani bincike ya kimanta kamar kashi uku cikin huɗu na mutanensa sun riga sun yi ta, aka ɗauka sun tsira. A Janairu na 2021 sai ga ta ta dawo, iskar oksijin ta ƙare a asibitoci, marasa lafiya suka yi ta mutuwa a kan gado don rashinta.

Delta. An fara ganinsa a Indiya a ƙarshen 2020. Ya ninka na farko saurin kamu kamar sau biyu, ya kuma fi kwantar da mutane a asibiti. A farkon Mayu na 2021 Indiya na ƙidaya sababbin kamu fiye da 400,000 a yini guda. Kafin ƙarshen shekarar ya kore sauran iri kusan ko'ina a duniya.

Omikron. Masanan Afirka ta Kudu da Botswana suka gano shi, aka kai rahoto ran 24 ga Nuwamba, 2021, aka sa masa suna bayan kwana biyu. A ƙayarsa kaɗai akwai canji fiye da 30, watau ya sake riga da rawani gaba ɗaya. Ba a taɓa ganin mai gudunsa ba. A farkon Janairu na 2022 Amurka ta rubuta kamu fiye da 1,000,000 a rana ɗaya. Ya fi zama a hanci da maƙogwaro bisa ga huhu, ya kuma tarar da mutane da yawa sun riga sun yi rigakafi ko sun taɓa yin cutar, saboda haka kowane kamu bai kai na Delta haɗari ba. Amma inda ya tarar da tsofaffi ba rigakafi, kamar Hong Kong a Maris na 2022, ya yi ɓarna mai ban tsoro. Haka kuma da ƙasar Sin ta janye dokokin kullenta a Disamba na 2022, ya ratsa ta cikin 'yan makonni.

Adadin mutuwar da ƙasashe suka kai wa Hukumar Lafiya ta Duniya ya wuce miliyan 7. Amma da Hukumar ta gwada yawan mutuwar 2020 da 2021 da na shekarun da suka gabata, sai ta kimanta cewa rarar da annobar ta jawo cikin shekaru biyun nan ta kai kamar miliyan 14.9.

YADDA ABIN YA KASANCE A NIJERIYA

Nijeriya ta ga manyan tashi huɗu. Na farko ya yi ƙarfi a Yuni da Yuli na 2020, na ainihin irin farko ne. Na biyu ya soma a Disamba na 2020 ya kai ƙololuwa a Janairu na 2021, a cikinsa aka sami Alfa, da wani iri mai suna Eta wanda aka fara gani a Nijeriya da Ingila lokaci guda. Na uku Delta ne ya kawo shi, bayan Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa, watau NCDC, ta tabbatar da shigowarsa a Yuli na 2021. Na huɗu na Omikron ne, an tabbatar da shi ran 1 ga Disamba, 2021, kafin watan ya ƙare kuwa an ƙidaya kamu fiye da 4,000 a yini guda, abin da ba a taɓa yi ba a ƙasar. In aka duba, kowane irin da ya tashi a ƙetare bai wuce 'yan makonni ko 'yan watanni ba ya sauka a Legas ko Abuja. Daga can kuwa babu abin da ke tsakaninsa da tashar motar Zuru sai tafiyar yini, ta Kwantagora da Rijau, ko ta Koko da Mahuta.

Gano iri aiki ne na karanta rubutun nan mai haruffa 30,000, akwai kuwa masu iya shi a Nijeriya. A Maris na 2020 masanan Jami'ar Redeemer's da ke Ede, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, su ne suka fara karanta rubutun ƙwayar korona a duk nahiyar Afirka.

Jimlar da NCDC ta rubuta ita ce kamu kamar 267,000 da mutuwa 3,155. Wannan adadi na waɗanda aka gwada ne kawai, gwaji kuwa ya fi yawa a Legas da Abuja da manyan birane. Ƙarancin lamba a littafi ba shi ne ƙarancin cuta a ƙauye ba. Kano ta nuna haka. A Afrilu na 2020, a daidai lokacin da wurin gwajin birnin ya tsaya da aiki na 'yan kwanaki, masu haƙar kabari ne suka fara cewa gawawwakin da ake kawowa sun wuce kima, galibi kuwa na dattawa. Da aka bi gida gida aka yi tambaya, Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya bayyana a Yuni cewa an ƙidaya mutuwa 979, ana kuma zaton kashi 50 zuwa 60 cikin 100 nasu korona ce sanadi. Masu tsaron maƙabarta sun riga injin gwaji sanin labari. Abin da aka rasa shi ne wanda zai rubuta abin da suka gani ya kai gaba da wuri.

MISALI DAGA SANƘARAU

Mutanen jihar Kebbi sun riga sun ga makamancin wannan a wata cutar. Sanƙarau iri-iri ne. Shekara da shekaru irin da likitoci ke kira A shi ne ke yin kisa a lokacin zafi. Daga 2011 aka soma yin wata sabuwar allura a jihohin Arewa, irin A ya kusa ɓacewa. A 2013 da 2014 sai ga wani sabon reshe na irin C ya ɓulla a yankin Sakkwato da Kebbi, allurar A kuwa ba ta tare shi. A ƙarshen 2016 ya tashi daga Zamfara, kafin damina ta 2017 ta sauka an ƙidaya waɗanda ake zaton sun kamu fiye da 14,000, fiye da 1,100 suka rasu. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasar farko a duniya da ta soma amfani da allurar da ke tare iri biyar lokaci guda. Ƙwayar sanƙarau dabam take da ta korona, ba ta kuma rikiɗa da saurinta, amma darasin ɗaya ne: allurar farko ta yi aikinta, abokin gāba ne ya sāke.

DALILIN MAIMAITA ALLURA

Dattawa da yawa a ƙasar Zuru suna da tabon lambar agana a damtse. Sau ɗaya ko biyu aka yi musu, agana kuwa ta ƙare a Nijeriya tun 1970, a 1980 aka yi shelar ƙarewarta a duniya. Sukan tambaya, don me ta korona sai an yi ta maimaitawa? Amsa ita ce ƙwayar agana, da ta ƙyanda ma, ba su iya sake rigar da jiki ke shaida su da ita, saboda haka sanin farko ya isa. Korona kuwa ta fi kama da mura mai zazzaɓi, wadda a ƙasashen Turai ake sabunta allurarta kowace shekara.

Allurar korona ta fara isowa Nijeriya ran 2 ga Maris, 2021, kusan miliyan 4, aka soma yi bayan kwana uku. Da Delta da Omikron suka zo, an ga waɗanda suka yi allura suna kamuwa, sai waɗansu suka ce ashe ba ta da amfani. Wannan kuskure ne. Tsaron jiki hawa biyu ne. Masu tsaron ƙofa su ne sabon iri ke ruɗawa, amma na cikin gida, masu hana ƙwayar cinye huhu, sun fi wuyar ruɗuwa. A duk ƙasar da aka riƙe lissafi sosai, an ga wanda ya yi allura ko ya kamu ya fi wanda bai yi ba nisa da gadon asibiti da kabari. Amfanin nan kuwa ya fi girma ga wanda ya haura shekara 60, da mai ciwon suga, da mai hawan jini, da mai ciwon zuciya ko ƙoda ko tarin fuka.

HALIN DA AKA SHIGA DAGA BAYA

Ran 5 ga Mayu, 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye shelar gaggawa. Ma'anar wannan ita ce duniya ta sami tsaron da ya rage kisa, amma ƙwayar ba ta ƙare ba. Jikokin Omikron sun ci gaba da bin juna: XBB a 2023, JN.1 a ƙarshen shekarar da farkon 2024, sa'an nan NB.1.8.1 da XFG a 2025. Kowannensu ya kawo ɗan tashin kamu a ƙasashe dabam dabam, ba tare da kisa irin na zamanin Delta ba. Sai dai juyi bai daina ba, babu kuwa wata ƙa'ida da ta ce tilas iri na gaba ya fi na baya sauƙi. Delta ma ai bayan na farko ya zo, ya kuwa fi shi zafi. Murar 1918, wadda jiragen ruwa suka kawo Legas jirgin ƙasa ya hau da ita Arewa, ita ma karonta na biyu ne ya fi kisa a duniya, masu tarihi kuwa sun kimanta ta ci kamar mutum 500,000 a Nijeriya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

AIKIN HAKIMI DA MALAMINSA

Sarakuna da hakimai sun riga sun nuna abin da suke iyawa a yaƙin shan inna, wanda da taimakonsu aka kai ga shelar ƙarewar cutar ta daji a Afirka ran 25 ga Agusta, 2020. Ga abin da ake bukata daga gare su a wannan.

1. A riƙe littafin mutuwa. Kowane dagaci da mai unguwa ya kawo wa malamin hakimi sunan wanda ya rasu, da kimanin shekarunsa, da ranar, da abin da ya yi fama da shi. Malami ya tara jimla kowane mako. Sai an san adadin kullum ake gane ranar da ya wuce kima.

2. In aka ga dattawa suna mutuwa a jere da zazzaɓi da tari da sarƙewar numfashi, ko gida guda mutum uku ko huɗu sun kwanta cikin mako, a aika wa jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma a ranar, ko a Zuru, ko Ribah, ko Mahuta, ko Dirin Daji. Kada a jira a tabbatar da sunan cutar. Tabbatarwa aikin likita ne.

3. Kada a tsangwami garin da ya kawo rahoto. Afirka ta Kudu ta faɗi gaskiya game da Omikron, sakamakonta ƙasashe suka rufe mata ƙofa, Ingila ma ta sa Nijeriya cikin jerin ƙasashen da ta hana shiga na 'yan kwanaki a Disamba na 2021, daga baya kuwa aka gano irin yana ƙasar Holan tun kafin a ba da labarinsa. Dagacin da aka ci wa fuska don ya faɗi, gobe shi da maƙwabtansa ɓoyewa za su yi.

4. In hukumar lafiya ta ba da sanarwar sabon tashi, a fara da tsofaffi da masu ciwon da aka ambata. A rage musu shiga cunkoso, a buɗe tagogi a masallaci da coci da makaranta, taron da zai yiwu a fili a yi shi a fili. Mai tari da zazzaɓi ya sa takunkumi, ya zauna gida, kada ya kwana ɗaki guda da tsoho.

5. A lura da lokutan haɗuwar jama'a: ranakun kasuwa, bikin Uhola, salla, kirsimati, dawowar alhazai, da zuwan sojoji da 'yan makaranta hutu daga nesa. Ba a ce a hana ba, sai in hukuma ta ce. A sa ido ne mako biyu bayan taro, gama a cikinsu cutar ke bayyana.

6. A kula da waɗanda rashin tsaro ya kora daga ƙauyukan Danko da Wasagu da Sakaba suka taru a cikin gari. Inda mutum goma ke kwana a ɗaki guda, nan kowace cutar numfashi ke fara kama wuta, su ne kuwa suka fi nisa da asibiti da kuɗin magani.

7. Wanda numfashi ya yi wa wuya, ko ƙirji ya riƙe, ko hankalinsa ya soma gushewa, a kai shi babban asibiti nan da nan. Jinkirin kwana ɗaya a nan yana iya zama ajali.

8. Game da allura, hakimi ya nemi bayani daga shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukumarsa, wace ce ake da ita, su wa ya kamata su yi. In lokacin yi ya zo, ya yi tasa a bainar jama'a, gama talaka abin da ya ga shugaba ya yi shi yake yarda da shi.

Ana roƙon kowane hakimi ya sa a karanta wannan takarda a majalisarsa gaban dagatai da masu unguwanni da limamai da shugabannin coci, malami kuma ya ajiye ta tare da littafin mutuwa, inda za a same ta ranar da aka bukace ta.